Furen Aro da Duman Gida: Ra'ayi Kan Shuka a Tsakar Gida a Ƙasar Daura

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san labarin rijiyar Kusugu da ke cikin birnin Daura. Tarihin baka ya nuna cewa a zamanin Sarauniya Daurama wani maciji da ake kira Sarki ya tare rijiyar, ba ya barin kowa ya ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, har zuwa daren da Bayajida ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa aka ce babu, ya tafi ya kashe macijin. Masana tarihi sun daɗe suna muhawara a kan ma'anar wannan labari, amma ba muhawararsu ce ta kawo mu nan ba. Abin lura shi ne, labarin ya fito da al'ummar da ta san tsadar ruwa tun fil azal, ta kuma ɗauki wanda ya sauƙaƙa mata samun sa a matsayin gwarzo.

Da wannan tunani na tsadar ruwa ne za a dubi batun wannan maƙala, wato shuka a tsakar gida, musamman tsire-tsire masu yaɗo waɗanda ke hawa rumfa ko danga. A 'yan shekarun nan sha'awar furannin ƙasashen waje ta shiga zukatan masu hali da 'yan boko, a daidai lokacin da ake shafe tsakar gidajenmu da siminti, ake tumɓuke abin da iyaye suka saba shukawa. Ra'ayina shi ne, ya kamata mu koma ga shuka a gida, amma mu zaɓi abin da ƙasarmu da ruwanmu za su iya ɗauka, ba abin da muka gani a hoto ba. Haka kuma ina ganin babu wanda wannan aiki ya rataya a wuyansa kamar malamin makaranta, musamman malamin Hausa.

2.0 Furen da Ake Kira Kilematis

Abin da ya tayar mini da wannan magana shi ne abin da ya sami wani abokin aikina a Daura. Ya ga hoton wani fure mai ruwan shuni ya lulluɓe ƙofar wani gida a ƙasar Ingila, abin ya burge shi, bai huta ba sai da ya sa aka kawo masa dashe uku da kuɗi masu yawa. Ya yi musu gurbi a jikin bangon gidansa, yana sayen ruwa daga 'yan garuwa yana ba su safe da yamma. A cikin sanyin hunturu sun ɗan yi tofo, har ya fara kiran abokai su zo kallo. Da bazara ta kama, ganyen ya yanƙwane, kafin ruwan farko ya sauka duk ukun sun zama kirare. Ko fure ɗaya bai gani ba.

Sunan wannan fure kilematis. Tsiro ne mai yaɗo wanda ke naɗe sandar ganyensa a jikin waya ko reshe ya hau sama, kuma yana da iri wajen ɗari uku a duniya, akasarinsu a ƙasashe masu sanyi. Masu manyan furanni da ake sayarwa a yau an same su ne ta hanyar barbarar irin ƙasar Sin da Japan da na Turai. Wanda ya fi shahara a cikinsu wani mai renon itatuwa ne, George Jackman, ya samar da shi a garin Woking na Ingila a shekarar 1858, har yau kuma da sunansa ake kiran sa. Ba a musun kyawun wannan fure. Sai dai masu noman sa sun san cewa yana da sharuɗɗa: yana son kansa ya sha rana, amma saiwarsa ta zauna cikin ƙasa mai sanyi da laima wadda ba ta bushewa, yawancin irinsa na bukatar hutun lokacin sanyi kafin su sake tofo, akwai kuma wata cuta da ke sa shi ya yanƙwane farat ɗaya ko da a can ƙasarsa. Bugu da ƙari, ruwan jikinsa na sa ƙaiƙayi, kuma yana cutar da dabbar da ta ci shi da yawa, abin da ya kamata mai kiwon awaki a gida ya sani.

To, a auna waɗannan sharuɗɗa da yanayin ƙasar Daura. Daga Baure zuwa Zango, daga Sandamu zuwa Mai'aduwa, damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan shekara kuma galibi tsakanin milimita 500 ne zuwa 700. Ƙasar jigawa ce mai rairayi, ba ta riƙe ruwa. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan kai digiri 40 har ya wuce. Saiwar da ke neman sanyi da laima, ina za ta same su a nan? Abokina bai yi sakaci ba, kuma hannunsa ba shi da laifi. Kuskurensa ɗaya ne, ya nemi tsiro ya rayu a inda ba a halicce shi domin wurin ba. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

3.0 Ba Baƙunta Ce Laifin Ba

Kada mai karatu ya ɗauka cewa ina ƙyamar duk wani tsiro da ya zo daga waje. Da haka ne, da na yi wa kaina ƙarya, domin da yawa daga abin da muke tinƙaho da shi a yau baƙi ne. Darbejiya, wadda wasu ke kira bedi ko maina ko dogon yaro, daga yankin Indiya ta fito, kuma a ƙarni na ashirin ne ta bazu a Arewa, ga shi yau ita ce inuwar titunan Daura da Katsina da Maraɗi. Mangwaro da zogale ma daga can yankin suka zo. Gwanda da gwaiba da tumatir da barkono da rogo duk asalinsu nahiyar Amurka ne. Haka nan furen nan mai ƙaya, mai kama da takarda, da ake kira bugenbiliya, wanda ake gani a bangon ofisoshi da makarantu, daga Kudancin Amurka ya zo, kuma ya karɓi ƙasarmu sosai, domin a tsakiyar rani ne ma yake fi zuba fure.

Ashe ke nan ma'aunin ba asali ba ne, dacewa ce. Tambayoyin da ya kamata mai shuka ya yi wa kansa uku ne: Shin wannan tsiro zai jure bazararmu? Ruwa nawa zai sha, kuma daga ina ruwan zai fito? Ban da kallo, me zai amfana wa mutanen gida? Baƙon da ya amsa waɗannan tambayoyi, lale marhabin da shi. Wanda kuwa ya kasa, a bar shi a ƙasarsa ya yi kyau a can.

4.0 Abin da Muke da Shi a Gida

Bahaushe bai taɓa rasa tsire-tsire masu yaɗo ba. Kafin zuwan kwano da siminti, da wuya a shiga gida a karkarar Daura da damina ba a ga duma ya hau jinka ko ya lulluɓe danga ba. Duma kuwa ba ado kaɗai ba ne. Daga gare shi ake samun ƙwarya da ƙoƙo da ludayi da masaki da gora da jallo. Daga gare shi almajiri ke samun kurtun tawada, amarya ta sami zungurun ƙunshi, 'yan mata su sami shantu, makaɗin goge da na kukuma su sami ƙoƙon kayan kiɗansu. Sana'o'i sukutum sun rayu a kansa, kamar fafar ƙwarya da gyartai. Furensa fari ne, yana buɗewa da yamma, lokacin da mutanen gida suka taru a tsakar gida. Ko a ƙissar Annabi Yunusa, da kifi ya amayar da shi a gaɓar teku ba shi da lafiya, wani tsiro ne na dangin duma da kabewa aka tsirar masa ya yi masa inuwa.

Bayan duma akwai soso, mai fure ruwan ɗorawa wanda ke jawo ƙudan zuma, idan 'ya'yansa suka bushe kuma a sami abin wanka da wanke-wanke ba tare da an je kasuwa ba. Akwai garahuni, mai siririn yaɗo da 'ya'ya masu yin ja idan sun nuna, wanda mata suka sani wajen wanke kaya da kuma magungunan gargajiya. Akwai kabewa da wake, waɗanda ke ba da inuwa su kuma shiga tukunya. Akwai yaɗiya, wadda ke zama kore shar ko a tsakiyar rani, kuma dattawan da suka ga farin shekarun 1973 da 1984 ba za su manta da kwaɗonta ba. A gefen waɗannan masu yaɗo sai a sami zogale da lalle a matsayin shinge. Wanda ya taɓa wucewa ta gindin lalle da dare lokacin da ya yi fure ya san cewa ba sai an je Turai ake samun ƙanshi ba.

Abin takaici shi ne yadda muka juya wa wannan gado baya. Ginin zamani ya zo da fahimtar cewa tsaftar gida ita ce a malale ko'ina da siminti ko tayil, kada a bar ko tafin hannu na ƙasa. Sakamakon haka a bayyane yake. Siminti na shan zafin rana da yini ya amayar da shi da dare, shi ya sa a bazara ake kwana ana fifita a tsakar gida. Ruwan sama ba ya samun inda zai nutse, sai ya bi rariya ya fita titi ya zama kwata, alhali rijiyoyin unguwa na ƙara nisa. Uwar gida kuma da a da take tsinkar zogale a bayan ɗaki, yanzu sai ta ba yaro kuɗi ya sayo.

5.0 Hujjojin Masu Suka

Adalci ne a saurari waɗanda ba su yarda da wannan ra'ayi ba, domin hujjojinsu ba na banza ba ne.

Na farko, suna cewa ruwan sha ma bai wadata ba, balle na ban fure. Gaskiya ne, duk da madatsun ruwa irin su Sabke da Daberam, gidaje da yawa a masarautar na sayen ruwa ne ko su ɗebo daga nesa. Amma a dubi ruwan da muke zubarwa. A ɗauka gida na da mutum goma masu salla, kowa na alwala da rabin lita sau biyar a yini. Wannan lita 25 ke nan, jarka guda cur, kullum tana bin rariya. Idan aka yi wurin alwala a gindin shuka, aka haɗa da ruwan wanke hatsi da na ɗauraye kwanuka wanda ba shi da sabulu da yawa, ya ishi duma biyu da zogale da lalle. Akwai kuma tsohuwar dabara ta binne tulu ko tukunyar ƙasa kusa da saiwa, a cika ta da ruwa a rufe bakin, ruwan ya riƙa tsattsafowa a hankali, rana ba ta shanye shi ba.

Na biyu, suna cewa duhuwa na kawo macizai da sauro. Wannan tsoro na da tushe, balle a garin da tarihinsa ya fara da maciji. Sai dai abin da ke tara maciji shi ne tarkace da ciyawa a ƙasa da kuma ɓeraye, abin da ke haifar da sauro kuma ruwa ne kwantacce. Yaɗon da aka ɗora a kan rumfa, aka share ƙarƙashinsa kullum, ba ya zama maɓoya. Hasali ma ruwan da shuka ta shanye ya fi aminci a kan wanda ya taru a bakin rariya.

Na uku, suna cewa laima na cin gindin bango, musamman ginin ƙasa, tana kuma gayyato gara. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa ba a shuka a jikin bango. A ja da baya kamar taku biyu, a kafa dirkoki huɗu, a gitta kara ko waya a sama, yaɗon ya hau nan.

Na huɗu, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, suna cewa duma da soso 'yan damina ne, suna bushewa da kaka, wato ba sa nan a lokacin da aka fi bukatar inuwa. Haka ne. Maganin wannan shi ne a gauraya shuka. A bar busasshen yaɗon a kan rumfa ya ci gaba da tare rana, a sake shuka wani da ban ruwa bayan sanyi ya ja, a kuma haɗa da masu daɗewa irin su yaɗiya da bugenbiliya da inabi ga mai halin kula da shi. Ta haka rumfa ba za ta taɓa zama tsirara ba.

6.0 Nauyin da Ke Kan Malamin Gobe

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa ɗalibin Hausa a kwalejin ilimi da zancen duma da soso? Amsar ita ce, idan tsiro ya ɓace daga gida, sunansa ma ɓacewa yake yi daga baki. A yau akwai yara a cikin birnin Daura da ba su taɓa ganin duma a jikin yaɗonsa ba. Ta yaya malami zai fahimtar da irin wannan yaro karin maganar da ke cewa kowace ƙwarya da abokiyar burminta? Ta yaya zai bayyana masa sakaina, ko zunguru, ko gyartai? Kalmar da yaro bai ga abin da take nufi ba, haddace ta zai yi don jarrabawa, ya manta da ita bayan mako guda.

Abin kunya ne a tuna cewa tun a shekarar 1916 wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirran ƙasar Hausa ya buga su a littafi guda, sannan a 1934 ƙamusun Bargery ya fito ɗauke da ɗimbin irin waɗannan sunaye. Baƙi sun ga darajar wannan ilimi sun adana shi a takarda. Mu da muka gaje shi, ya kamata mu adana shi a raye, a ƙasa da kuma a bakin yara.

Saboda haka ina ba ɗalibai masu shirin fita koyarwa, ko daga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina, ko Kwalejin Isa Kaita da ke Dutsin-ma, ko wata kwaleji daban, waɗannan shawarwari:

(a) Duk makarantar da aka tura ka, nemi izinin shugabanta ka kafa rumfa ɗaya ta shuka kusa da wurin alwala ko wurin shan ruwa. Ba ta bukatar kasafin kuɗi: dirkoki, da igiya, da ruɓaɓɓen takin awaki, da ƙaya ko tsohuwar raga don tsare ta daga dabbobi.

(b) Kada ka sayi iri. Ka sa kowane ɗalibi ya karɓo daga wurin kakarsa ko wani dattijo a unguwarsu, tare da sunan tsiron da amfaninsa da duk wata karin magana ko kacici-kacici da ya shafe shi. Ta haka darasi ɗaya ya haɗa noma da adabin baka da zumunci.

(c) A rubuta sunan kowane tsiro da ingantacciyar ƙa'idar rubutu a liƙa a gindinsa. Yaron da ya rubuta “yaɗiya” da “ƙwarya” da hannunsa a allon da kowa ke gani ba zai sake mance ƙugiyar harafi ba.

(d) Idan kaka ta yi, a raba irin da aka samu, kowane yaro ya kai gida. Nan ne aikin zai bar makaranta ya shiga gari.

Wannan ba ƙaramin aiki ba ne idan aka dube shi da idon basira. Jihar Katsina na cikin jihohi goma sha ɗaya na Nijeriya da ke fuskantar gurgusowar hamada. Tarayyar Afirka ta amince da shirin kafa babbar katangar itatuwa a kudancin Sahara a 2007, Nijeriya kuma ta kafa hukumar kula da shirin a 2015. Amma darasin da maƙwabtanmu na yankin Maraɗi suka koyar tun daga shekarun 1980 shi ne, itatuwan da suka fi rayuwa su ne waɗanda manoma suka rena da kansu daga kututturan da ke gonakinsu, domin sun san amfaninsu. Yaron da ya reni duma ya ga ya zama ƙwarya a hannun mahaifiyarsa, shi ne gobe zai ji ciwon sare gawo ko tsamiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

7.0 Kammalawa

A wannan maƙala an yi ƙoƙarin nuna cewa sha'awar ƙawata gida da furanni abu ne mai kyau, amma kyan da ba zai jure bazara ba asarar kuɗi ce da asarar ruwa. An kawo misalin kilematis, furen da ya dace da ƙasashe masu sanyi, aka kwatanta shi da duma da soso da garahuni da yaɗiya, waɗanda suka saba da ƙasarmu, suke ba da inuwa da abinci da kayan aiki, suke kuma riƙe da wani yanki na harshenmu. An kuma nuna cewa matsalolin ruwa da macizai da laima duk suna da magani idan an yi shuka da tsari.

Abokin nan nawa, bayan asarar da ya yi, wata tsohuwa maƙwabciyarsa ta ba shi 'ya'yan soso da na duma a ƙullin tsumma, ba ta karɓi ko kwabo ba. Ya shuka su a ƙarshen Yuni, kafin Satumba rumfarsa ta rufe ruf, a ƙarƙashinta yake duba takardun ɗalibansa. Mutanen da suka gaji Kusugu sun fi kowa sanin cewa ruwa amana ne. Idan za mu zuba shi a gindin shuka, to mu zuba shi inda zai dawo mana da alheri.

Tambayoyin Bita

1. Wane ra'ayi marubucin yake karewa, kuma waɗanne hujjoji ya kafa a kai?
2. Kawo hujjoji biyu na masu suka, ka bayyana ko amsar da aka ba su ta gamsar da kai.
3. Bayyana ma'anar waɗannan kalmomi: jinka, kurtu, zunguru, gyartai, dirka.
4. Tattaro sunayen tsire-tsire masu yaɗo guda biyar da ake samu a yankinku, tare da amfanin kowanne.